Kilo Hamsin da Uku a Keken Buraima

Duk unguwar Ulaisha babu wanda bai san hannuna ba. Shekara talatin da ɗaya ina zaune a Riyad, ina tuƙa tuwo ina sayar wa mutanenmu masu aikin gini da tuƙi, kuma duk wanda zai tafi gida sai ya kawo jakarsa ƙofata tukuna. In ɗaga ta da hannun dama, in ɗan jijjiga, in ce, "Cire bargo ɗaya." Ya cire, ya je filin jirgin Sarki Khalid, sikeli ya nuna kilo ashirin da uku cif. Ban yi boko ba, ban san ko harafi ɗaya na Nasara ba, amma ba a taɓa zazzage jakar da na ɗaga a gaban jama'a ba. Ni ce Delou ta Damagaram. Na faɗi wannan ne don a san wadda jikana Buraima ya so ya tsallake.

Buraima ɗan 'yata ne, direba a gidan wani Balarabe, yana kwana a ɗakin da ke ƙarƙashin nawa. Matarsa Safiatou tana Damagaram da 'yarsu, takwarata, wadda aka haifa bayan tasowarsa da wata uku. Yarinya ta kusa shekara biyu ba ta taɓa ganin ubanta ba sai a waya. In aka ce mata ina Baba, jakar uwarta take nunawa. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, tikiti ɗaya yake ba shi duk shekara biyu, da hutun wata guda. Lokaci ya yi. An ce masa nan da mako uku, ranar Lahadi, za a yanki tikitin, shi dai ya faɗi garin.

Ana cikin haka ɗan kafil ya gaji da wani kekensa na tsere, ya tattara shi da hularsa da tantinsa da takalmansa ya ba Buraima kyauta. Da la'asar na ji ana kwaɗa mini kira daga ƙasa.

"Tsohuwa, sauko ki ga abin da zai kai mijinki Turai."

Na sauko. Yana riƙe da abin da yatsa biyu. Tayoyi kamar igiyar shanya, sirdi kamar bakin cokali.

Na ce, "Wa ya cinye keken ya bar maka ƙashi?"

"Ke ba ki san kaya ba. Kuɗin wannan ya fi na motar haya."

"To ina wurin ɗora buhu?"

Sai ya ciro waya yana nuna mini duwatsu da ciyawa. Wai wata ƙasa ce Jojiya, can bayan Turkiyya. Wai a watan Maris ƙanƙara ke narkewa, furanni su fito, shi ne farkon bazararsu, ba irin tamu mai dafa ƙwai a rairayi ba. Wai mai iƙamar Saudiyya, wato katin zama, ba ya buƙatar komai, nuna kati kawai zai yi ya wuce. Zai hau keke da safe, inda rana ta faɗi ya kafa tanti, ya dafa shayi a ɗan risho, tsuntsaye na yi masa waƙa. Wata guda cur. Ba a taɓa Badamagaren da ya yi haka ba, shi zai fara.

Na ce, "Takwarata fa?"

"Zan tura mata hotuna."

"Hoto ta sani tun da aka yanke mata cibi."

"Tsohuwa, gida ba ya gudu. Ƙanƙara ce ke narkewa."

Ban ɗaga murya ba. Na yi renon maza shida, na san wauta in tana da zafi ba a fizge ta a hannun mai ita. Na koma kan tukunyata.

Washegari da azahar, masu cin tuwo sun cika tabarma, sai ga shi ya fito cikin kayan keken. Wani wando ne baƙi da ya tsaya a cinya, ya manne masa kamar fatar tsire, da ƙunzugu a baya. Hula kuma kamar an raba kankana biyu an kifa masa. Cikin masu ci akwai Talle, wani Bakano mai dako a kasuwar kayan lambu ta Aziziya, kuma kowa ya san Bakano da Badamagare ba sa haɗuwa baki ya huta.

Talle ya ajiye loma ya ce, "Bawan Kanawa, wa ya tuɓe ka? Faɗa mini in rama maka."

"Jahilci. Wannan yana yanka iska ne."

"Ya yanka kunya dai. Ita iskar me ta yi maka?"

Na ce, "Ba mai cin tuwona yana kallon wannan. Ka je ka sa jallabiya, ko ka bi ta taga."

Ya sa jallabiya a kai, ya hau, ya miƙe layi yana ɗaga wa mutane hannu. Bai kai shagon kwana ba sarƙa ta cafke gefen rigar. Ta ja, ya ja. Ta naɗe ta kamar ana kaɗa zare, har sai da ta bar masa wuya da aljihu ɗaya. Ya dawo a ƙasa, keke a kafaɗa, ɗaure da zanen ɗan Bangaladash mai shagon.

Ya ce, "Da gangan na yi. Ƙarfin sarƙar nake gwadawa."

Talle ya ce, "Ta ci jarrabawa."

Bayan kwana biyu ya ce zai koyi kafa tanti a soron sama. Tantin yana cikin wata jaka mai faɗi kamar faifai. Yana cikin hawan bene, sai ya tsaya ya ɗan buɗe zip don ya leƙa. Abin ya yi tsalle ya buɗe da kansa, ya mare shi a fuska, ya cika matakala daga bango zuwa bango. Ya tura, bai motsa ba. Ya murɗa nan, can ya kumbura. Ya zauna a kai, ya wullo shi. Kwana biyu tantin nan yana tsakiyar bene, duk mai hawa sai ya durƙusa ya shiga ta ƙofar gaba ya fita ta baya. Maƙwabciyata Mariama, mace mai jiki, in ta iso da kayan cefane sai ta tsaya ta yi sallama.

"Salamu alaikum, masu gida. Zan ratsa ta Jojiya."

Ni ban rarrafa ba. Ban rarrafa wa kowa ba tun ina 'yar wata tara. Na ɗauko wuƙar yanka kubewa na tsaya a kansa, na ce ko ya fitar da shi kafin magariba ko in yi masa ƙofa ta uku. Sai da ya kira ɗan kafil a waya, aka yi ta masa kwatance, ya naɗe shi yana gumi. Ya sauko yana cewa yanzu ya gane sirrinsa, ko ido rufe zai iya.

Sai batun sanyi. Talle ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ƙanƙara in ban da ta cikin lemo. Ya ce shi jininsa mai zafi ne, sanyi tsoronsa yake ji. Talle ya ce to akwai ɗakin sanyi a Aziziya inda ake ajiye tuffa da inabi, ya zo ya gwada. Suka yi da azahar zai shiga, ba za a buɗe ba sai la'asar, ko da ya buga ƙofa. Shi da kansa ya ƙara wannan sharaɗin. Talle ya rufe ya tafi cin abinci. Da ya dawo, leburori sun taru a ƙofar suna saurare, ana dukanta daga ciki da kwandon roba. Aka buɗe. Buraima ya fito sanye da buhun albasa uku, ɗaya a ka, haƙora na kaɗawa kamar keken ɗinki.

"Wa-wannan ai sa-sanyin yara ne."

"To me ya sa kake bugu?"

"Mo-motsa jini."

Kwana uku ina dafa masa citta da kanumfari. Yana atishawa yana duba taswira.

Saura kwana tara a yanki tikiti, bayan sallar Juma'a, mutane sun fi goma a tabarmata. Malam Dawuda tela, dattijo mutumin Matamaye, ya wanke hannu ya dube shi.

"Buraima, hutun magidanci na iyali ne. Mutum ya bar 'yarsa ya tafi gaida duwatsu?"

Na ga kunnen yaron ya motsa. Haka kakansa yake yi in zai yi ƙaryar da za ta ci shi.

"Baba Dawuda, wa ya ce ba zan je gida ba? Daga Jojiya zan gangaro Turkiyya, in faɗa Masar, in ratsa Libiya, in ɓullo Agadas, sai ga ni a Damagaram. Ku duba taswira, Jojiya tana sama, gida yana ƙasa. Duk gangara ce."

Talle ya ce, "Teku fa?"

"A gefe zan bi."

"Guzuri fa? Keken da ba ya ɗaukar albasa ɗaya?"

"Keken nan raƙumi ne. Duk abin da aka ɗora masa zai kai."

Na ajiye muciya. Na hau sama na sami Mariama tana tsince shinkafa, na ce, "Buraima zai biya ta gida, kuma ya ce yana da wurin kaya. Amma kada ki gaya wa kowa."

Wanda bai zauna baƙunta ba bai san saƙo ba. A nan, in aka ji mutum zai taka ƙasar gida, ba a tambayarsa ko zai iya, kawo masa ake yi. In ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya zama amana. Mai kayan kuma nan take yake buga waya gida ya ce wane na tafe da shi. Daga nan babu mayarwa, sai dai mutum ya ƙaura ya canja suna.

Kafin isha'i layi ya kai bakin titi. Na sa kujera a ƙofa na zauna, na ce komai ta hannuna zai bi. Malam Dawuda ya zo da kan keken ɗinki, baƙi, na ƙarfe, na ƙanwarsa da za ta buɗe shago. Na ɗaga, na jijjiga, na miƙa wa Buraima. Ya karɓa da hannu biyu, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe.

Ya ce, "Wannan ai auduga ce. Amana ta isa, Baba."

Mariama ta kawo manyan barguna biyu masu hoton damisa, na tsohuwarta. Wani ya kawo tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Wani agogon bango mai kiran salla. Wata turaren wuta da atamfa uku. Talle ya dire katan ɗin dabino.

"Na mahaifina ne, a Kano."

"Kano ba ta kan hanyata."

"To sa ta. Ina aka taɓa bawa ya wuce bai gaida iyayen gidansa ba?"

Aka yi dariya, ya karɓa don kada a ce ya kasa. Ni ma na sa nawa: riguna huɗu, takalmi mai fitila, da 'yar tsana ta takwarata, irin wadda in an danna cikinta take ƙyalƙyala dariya. Kowane kaya sai na ɗaga shi, na riƙe lissafinsa a kafaɗata. Mutum na goma sha biyu ya zo da fanka mai tsayi. Na ɗaga, na ajiye.

"Kai ka makara. Ya cika."

Buraima ya ce, "Haba tsohuwa, karɓi mana. Raƙumi ne fa."

"Na ce ya cika."

"Ko wannan ɗan filas ɗin?"

Na ɗaga filas ɗin. "Cire murfin waje, ka kawo." Mutumin ya cire yana kallona, na karɓa. Daga nan na naɗe tabarma.

Kayan suka kwana bakwai a ɗakinsa, shi yana kwana a tsakaninsu a karkace. Kullum da safe sai wani ya leƙo ya ce an bugo daga gida, ana gaishe shi, ana sa masa albarka. Ya fara rama. Amma in ya fito tabarma sai ya ce ya ma ƙara Sudan a cikin tafiyar.

Ya sa ranar gwaji Juma'ar ƙarshe, saura kwana biyu a yanki tikiti. Zai tashi daga filin ajiye motoci na gaban masallaci da dukan kaya, ya je Aziziya ya dawo kafin shayi ya huce. Tunda keken ba shi da mazaunin kaya, Talle ya kawo katako biyu da kwandunan tumatir, aka ɗaure da igiyar shanyata. Kan keken ɗinki a hagu, dabino a dama, barguna da tanti a baya har sun fi kansa tsawo, tukunya a gaba, agogo rataye a ƙirji, 'yar tsana soke a ɗamara. Jallabiya wannan karon ya tattare ta ya ƙulle a kugu.

Ana sallame salla jama'a suka fito suka yi da'ira. Har 'yan Sudan da 'yan Pakistan suka tsaya. Ni na zo da kujerata, da wani ƙunshi a hammata, na zauna a inuwa.

Sai ya fito da takalman da ya ɓoye don wannan rana. Farare, masu ƙyalli, da wani ƙarfe a tafin. Ya taka ƙasa da su yana ƙwas-ƙwas kamar akuya a kan siminti. Maza huɗu suka riƙe keken, ya hau. Ya ɗora ƙafar dama a feda, aka ji ƙas. Ya ɗora ta hagu, ƙas.

Ya ce, "Kun ji? Keke ya gane mai shi. Ku sake."

Suka tura suka sake. Keken ya yi layi kamar mai jin barci, ya karkata, ya miƙe, ya tafi. Wallahi ya tafi. Har aka fara tafi. Ya kai bakin titi, ya ga motoci na wucewa kamar an koro su, ya so ya sa ƙafa ƙasa. Na ga gwiwarsa ta fizga sau ɗaya, sau biyu. Sai ya karya kan keken ya juyo cikin fili.

Malam Dawuda ya ce, "Lafiya?"

"Ɗumama jiki nake yi," in ji shi, ya wuce.

Ya zagayo na biyu. Talle ya nuna kudu. "Aziziya can take."

"Na sani."

Ya zagayo na uku. A na huɗu ya matso kusa da Talle ya yi magana ta gefen baki. Talle ya sa hannu a kunne. Ya sake zagayowa ya maimaita. Talle ya juya ga jama'a ya buɗe murya.

"Jama'a, wai takalmin ya kama shi."

Ashe irin takalman nan maƙalewa suke yi a feda, akwai yadda ake murɗa dunduniya su saki, ɗan kafil kuma bai faɗa ba, Buraima kuma bai tambaya ba, don tambaya ta marasa sani ce. Nan fa shawara ta ɓarke da harshe huɗu.

"Kama birki."

"In na kama zan faɗi."

"Zare ƙafar ka bar takalmin."

"Ba shi da igiya."

"Ka karanta Ƙulhuwallahu."

"Na yi uku."

Liman ya fito daga masallaci, bai san abin da ake ciki ba, ya ga matafiyi, ya tako ya miƙa hannu don ya yi masa addu'a. Buraima ya wuce shi da taku ɗaya.

"Allah gafarta Malam, sai na zagayo."

Liman ya tsaya da hannu a miƙe. Ya zagayo ya sake wucewa.

"A yi haƙuri, Malam, na gaba."

A zagaye na bakwai ƙasan katan ya fashe, dabino ya fara zuba ɗaya-ɗaya, ya zana da'ira a fili, tattabarun masallaci suka sauko suka bi shi a baya. Talle na gudu yana tsinta yana cewa na mahaifinsa ne. A na takwas agogon ƙirjinsa, da ba a saita ba, ya fara kiran sallar asuba. Wani tsoho ɗan Sudan ya duba rana, ya duba Buraima, ya girgiza kai. Mariama ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa a taimake shi, a taimake ta.

Ya biyo ta gabana, fuska ta jiƙe. "Tsohuwa, yi wani abu."

Na miƙe na ce, "Ku ceci kayan mutane. Shi zai sauko da kansa."

Duk zagaye sai a fizge abu ɗaya. Aka cire tukunya. Aka cire barguna. Aka figi tanti, ya faɗi ƙasa ya buɗe da kansa. A zagaye na goma sha ɗaya Malam Dawuda, da shekarunsa sittin da biyar, ya tattare babbar riga, ya bi keken da gudu, ya yanke igiya da almakashi, ya rungume kan kekensa kamar jariri. Hagu ta zama wayam. Keken ya yi tunani kaɗan, ya kwanta dama, ya tafi a karkace ya nutse cikin tulin yashin masu gini da ke gefen fili.

Ƙura ta tashi ta kwanta. Tayoyi biyu a sama suna juyawa, ƙafafu biyu manne da su, sauran Buraima a cikin yashi. Ba wanda ya yi motsi. Liman ya fara salati a hankali.

Sai daga ƙarƙashinsa 'yar tsana ta ƙyalƙyale da dariya.

Ta yi shiru. Ya motsa. Ta sake.

Ban taɓa ganin liman ya zauna a kan bamban mota don dariya ba sai ran nan. Aka jawo Buraima, gwiwa ta ɗaye, baki cike da yashi, keken har yanzu yana ƙafarsa. Ya tofar ya ce, "Saukar gaggawa ke nan. Haka ake koyarwa."

Malam Dawuda, yana haki, ya ce, "Yaro, wata nawa za ka yi kafin ka kai Matamaye?"

Talle ya ce, "Zagaye goma sha ɗaya ya yi bai bar filin mota ba. Kafin ya kai Kano dabinon nan ya tsiro ya yi 'ya'ya."

Buraima ya dubi ƙasa. Murya ta yi ƙanƙanta. "To kowa ya ɗauki kayansa, in na dawo..."

"Wane kaya? Ƙanwata ta riga ta karɓi ɗinkin biki, ta ce wa amarya keke na hanya."

Mariama ta share hawaye. "Tsohuwata ta kyautar da tsohon bargonta tun ranar Talata."

Liman ya ce, "Ka karɓa da hannu biyu?"

"Na karɓa, Malam."

"To amana ba ta komawa da baya."

Sai na warware ƙunshin hammatata. Jakunkuna ne, manya biyu da ƙarama ɗaya. Na shimfiɗa su nan gaban masallaci. Kan keke a tsakiyar bargo ɗaya, atamfa a gefe. Dabino da tukunya da ɗaya bargon a ta biyu. Agogo da filas da kayan takwarata a ƙarama. Na ja zip, na ɗaga ta farko.

"Ashirin da uku."

Na ɗaga ta biyu. Na ce wa Talle, "Akwai dabino bakwai a aljihunka." Ya zuba su. Na sake ɗagawa. "Ashirin da uku. Ƙaramar bakwai, ta hannu ce. Abin da jirgi ke ɗauka ke nan, ba ƙari ba ragi."

Buraima yana zaune a yashi ana murɗa masa dunduniya. Ya dubi jakunkunan, ya dube ni, ya daɗe.

"Tsohuwa, shi ya sa kika kori mai fanka."

"Ɗaga ƙafa a cire maka abin nan, mutane na jiran tuwo."

Ranar Lahadi aka yanki tikitin Kano. Talle ya raka mu filin jirgi don kawai ya ji Buraima ya faɗi sunan garin da bakinsa. Aka ɗora jaka, sikeli ya nuna ashirin da uku. Aka ɗora ta biyu, ashirin da uku. Ban ko kalla ba. Shi kuwa yana ɗingishi yana gaya wa ma'aikacin cewa shi ɗan tseren keke ne, rauni ne ya hana shi zuwa gasa.

Bayan kwana huɗu Safiatou ta bugo. Ta ce saƙo duk ya isa hannun masu shi. Ta ce da takwarata ta gan shi sai ta ruga ta buɗe jakar uwarta, ta duba waya, ta dube shi, ta sake duba waya, ta fashe da kuka. Sai da aka danna mata 'yar tsana.

"Amma Inna, da gaske a keke ya zo? Ga shi can ƙofar gida, mutane sun cika, yana nuna tabon gwiwa, wai a dutsen Libiya ya samo shi. Wai har tsuntsaye sun yi masa rakiya."

Na dubi keken. Yana jingine a soro, na shanya tsummokan tukunya a kansa, kubewata na bushewa a cikin tanti.

Na ce, "Yarinyar tana ina?"

"Tana kan cinyarsa. Tun jiya ta ƙi sauka."

Na ce, "To a keke ya zo."